Gwanayen da Ke Koya wa Mutum Kwanciya a Bisa Teku

Kudu maso yammacin birnin Zanzibar akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Chumbe, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ruwa. A gefensa na yamma akwai tudun murjani wanda gwamnatin Zanzibar ta keɓe tun 1994, bayan fafutukar wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller. Ba a kamun kifi a wurin, kuma ba a yarda ɗan yawon buɗe ido ya goya tukunyar iska ya nutse ba. Abubuwa uku kawai ake ba shi: tabarau mai rufe ido da hanci, bututun numfashi, da faffaɗan takalmin roba. Masu shiga ruwan da baƙi kuwa, na farkonsu masunta ne daga ƙauyukan da ke kusa, aka horar da su gadin wurin. Da aikinsu da na takwarorinsu na wasu wuraren a Zanzibar kamar Mnemba da Fumba, ban ga sana'ar da ake raina wa wahala kamarta ba, domin gwani a cikinta kamar ba ya yin komai.

Aikin yana farawa tun baƙo bai farka ba. Teku a wannan gaɓa tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa bambancin yakan kai kusan mita 4. Saboda haka jagora da lissafin wata yake kwana. Idan ruwa ya janye da yawa, murjani zai taso daf da cikin mutum ya yanke shi. Idan yana tsakiyar komawa, igiyar ruwa za ta ja mutum ba tare da ya sani ba. Sannan ga iska: kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai zuwa daga kudu a tsakiyar shekara, kowacce da gefen tsibirin da take gurɓata wa ruwa. Wanda ya zo da agogonsa yana so a shiga ƙarfe tara daidai, haƙuri za a ba shi.

Kayan ma kowanne da dalilinsa. Idon ɗan Adam ba ya gani tangaram sai da iska a gabansa, shi ya sa wanda ya buɗe ido a cikin ruwa dishi-dishi yake gani. Tabarau yana riƙe wannan 'yar iskar, amma yana da ƙarin gishiri: komai yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya bisa uku, ya kuma matso kusa. Kafin a ɗaura shi ana tofa masa yawu a goge a ɗauraye don kada ya yi raɓa, kuma duk tsadar tabarau wannan dabara ba ta tsufa. Bututun bai cika wuce santimita 40 ba. Da yawa suna tambayar me zai hana a yi dogo a sauka ƙasa da shi. Nauyin ruwa ne zai hana: da mutum ya yi ƙasa da kamar mita guda, ƙirjinsa ba zai iya jawo iska daga sama ba, kuma dogon bututu yana tara gurɓatacciyar iskar da aka fitar, a yi ta sake shaƙar ta.

Wannan duka ana iya koyar da shi cikin minti goma. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin mutane.

A ce tsofaffin abokai ne suka haɗu, irin waɗanda suka yi makarantar kwana tare, shekaru suka watsa su, yanzu wannan darakta ne, wancan likita, ɗayan ya zama Alhaji mai tumbi. A cikin jirgi ana ta shewa, an tono tsofaffin laƙabi, kowa yana cika baki. Jagora yana dariya tare da su, amma idonsa na kan wanda ya fi kowa surutu, da wanda ya yi shiru yana ta gyaran igiyar tabarau. Ya san yawancin mutanen da suka tashi nesa da teku ba su iya ninƙaya ba. Mu nan ma ai da bulala aka raba mu da kududdufi. Ya kuma san babban mutum ba zai faɗa a gaban abokansa cewa tsoro yake ji ba. Sai ya sa kowa ya saka rigar kariya, har da gwanin ruwan, ya ce doka ce. Ya jefa tayar roba mai iska da igiya, ya ce duk mai son hutawa ya riƙe. Da haka mai tsoro ya samu abin kamawa, girmansa bai zube ba.

Daga nan sai darasin gaske, wanda shi ne a daina ƙoƙari. Ruwan teku yana da gishiri kusan kashi 3.5 cikin ɗari, yana ɗaga jiki fiye da ruwan kogi. Wanda ya miƙe rub da ciki, ya sa fuska a ruwa, ya saki wuyansa, ba zai nutse ba. Amma sabon shiga ɗaga kai yake yi ya duba inda jirgi yake, da ya ɗaga kuwa ƙafafu su yi ƙasa, bututu ya kwanta, ruwa ya shiga baki, sai firgici. Jagora yakan kwanta a gefensa ya kama masa hannu, yana numfashi a hankali da ƙara yadda zai ji, har numfashin nasu ya daidaita. Idan ruwa ya shiga bututu, a fesar da shi da huci ɗaya mai ƙarfi, sannan a ja iska ta gaba sannu-sannu. Ƙafa daga ƙugu ake kaɗa ta, ba daga gwiwa ba, hannuwa kuma a naɗe su. Shi kansa jagoran in ka kalle shi, sai ka rantse barci yake, alhali ya ƙirga kawunan mutanensa ya fi a ƙirga.

Mai ƙarfin hali zai so ya nutsa ya gani kusa. A nan ake tsanantawa. Tun a mita biyu kunne yake fara ciwo, sai a toshe hanci a hura a hankali. A mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na sama. Haɗari mafi girma shi ne mutum ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa wai don ya daɗe. Hakan yana kashe masa jin buƙatar iska, sai ya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba. Shi ya sa ake haɗa mutane biyu-biyu, ɗaya ya nutsa, ɗaya ya tsaya a sama yana kallonsa. Jagora mai wayo yakan haɗa waɗanda ya lura sun fi daɗewa ba su gaisa ba. Da bututu a baki babu hira, babu tambayar me ya sa ba ka zo ɗaurin auren 'yata ba. Nuni ne kawai da yatsa, da taɓa kafaɗa a ce duba can.

Abin dubawa kuwa akwai shi. A Chumbe an ƙidaya nau'in murjani mai tauri kusan 200 da nau'in kifi sama da 400. Murjanin nan da ake ɗauka dutse ne, dabba ce mai rai, kuma manyan dunƙulallun ba su wuce girman santimita guda ko makamancin haka a shekara. Wanda ya gaji ya taka shi don ya huta, ya karya abin da ya girmi kakansa. Ban da haka akwai bushiyar ruwa mai dogayen ƙayoyi, da kifin da ke kama da dutse wanda dafinsa ke kai mutum asibiti. Jagora ba ya taɓa komai, ba ya jefa wa kifi burodi don a samu hoto, kuma a wajena nan ake bambance gwani da ɗan neman kuɗi. Zai nuna maka kifi mai bakin aku yana gurgurar murjani, ka ji ƙarar haƙoransa ƙas-ƙas, daga baya ya faɗa maka cewa wani ɓangare na farin yashin da kake yabo ta cikin wannan kifin ya fito.

Yakan fitar da mutane tun ba su nemi fita ba, saboda ruwa yana zuƙe zafin jiki ko da ɗumi gare shi, rana kuma tana ƙona bayan ƙafa da ƙeya ba a sani ba sai dare. Waɗannan jagororin ne kuma ke shiga ruwan da ɗaliban makarantun Zanzibar, maza da mata, waɗanda da yawansu 'ya'yan gaɓar teku ne amma ba su taɓa sa fuska a cikinta ba. Kuɗin da baƙi ke biya ne ke ɗaukar nauyin wannan zuwa nasu.