Attajiri, Aljani da Matar Ɗan Bida: Abin da Na Gani a Littattafan Soyayya na Waya

Da hutun da ya wuce na koma gida Garhanga, na tarar da wata sabuwar al'ada a tsakar gidanmu. Da an gama tuwon dare, matar yayana sai ta ɗauko wayarta ta aza bisa turmi, mata su kewaye ta. Mijinta shekara biyu ke nan yana Abijan wajen bida. Ba ta yi lakwal ba, saboda haka littattafan a kunne take shan su: yaran da ke cajin waya su ke zuba mata karatun a kati, tana ba su ƴan kuɗi. Wani dare mai karatun ya kai inda ango ya rufe ƙofa, ya kuma ci gaba da bayani bai tsallake komai ba. Inna tana zaune. Sai ta ce, "Ke, kashe abin ga! Wanga wane irin rashin ta ido ne?" Aka kashe. Can da aka jima, ita ce dai ta ce, "To wai yarinyar, ta koma ɗakinta ko ta tahi gidansu?"

Tun ranar nake tunanin maganar Inna guda biyun nan, don duka biyun gaskiya ne. Abin ya wuce kunya, kuma ya kama zuciya. Ni kaina na karanta irinsu da yawa a waya, ba zan tsaya gabanku ƴan uwana ɗalibai in yi kamar ban san su ba.

Kafin mu yanke hukunci, mu tuna abin ba yau ya fara ba. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, bayan gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya. Daga baya Kano ta cika da marubuta masu buga littafinsu da kuɗinsu: Balaraba Ramat Yakubu mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo, Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su, aka yi ta muhawara a jaridu. Waɗancan littattafan, duk zagin da suka sha, a bakin ƙofar ɗaki suke tsayawa. Na yanzu, da ake sakawa shafi shafi a WhatsApp da Wattpad, sun shiga ɗakin. Kashi biyu nake son in duba: na soyayyar zamani mai zafi, wadda wasu ke kira batsa kai tsaye, da na soyayyar mutum da aljani.

Zan fara da abin da suka iya. Na farko, sun koya mana karanta harshenmu. Ni shekara goma sha uku ina karatu da Faransanci, ba wanda ya taɓa aza min littafin Hausa a tebur. A koleji littattafan Adoras na Abijan da na Harlequin muke ara a ɓoye. Hausar boko a waya na koye ta, don ina son in san ƙarshen labari. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, to amma ku zaga Keita da Buza da Madawa ku ƙirga inda ake sayar da littafin labari na Hausa. Waɗannan marubutan sun samar da masu karatu ba tare da kasafin kuɗin kowa ba.

Na biyu, sun faɗi abin da kowa ya sani ba wanda ke faɗi: matar aure ma tana da bukata, tana da haƙƙi a kan mijinta wanda ya wuce hatsi da tufafi. A ƙasar Adar wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kusan kowane gida akwai wanda ya tafi Abijan ko Libiya ko Najeriya, ya bar yarinya da goyo a hannun uwarsa. Ana tambayarta ko ya aiko, ba a tambayarta yaya take kwana. Na lura inda matar yayana ke yin shiru tana saurare da kyau shi ne inda miji ya zauna ya tambayi matarsa abin da ke damunta. Wanda ya ce magana a kan jiki baƙuwa ce gare mu, ya tuna a makarantar allo da ta zaure Ahalari da Ishmawi da Risala sun yi bayanin haila da janaba a fili, malam yana fassara wa ɗalibai. Inda gardama take shi ne yadda aka faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ake nema da faɗin.

Na uku, sun iya riƙe mai sauraro. Sun san inda za su yanke shafi ya hana ka barci. Mu da muke rubuta gajerun labarai a ƙungiya, abokanmu na hamma tun shafi na biyu, muna da abin koyo a nan. Kuma mata ne ke rubutawa daga ɗakunansu, suna samun kuɗin kansu.

Yanzu ga inda nake da ƙara. Babban laifin da na gani ya fi tsiraicin muni, shi ne yadda ake maida ƙarfi ya zama so. Kun san tsarin: an aurar da yarinya ƴar shekara sha biyar ga wani mai kuɗi mai taurin kai, daren farko ya afka mata tana kuka tana roƙo, da safe a kira likita, ya sayo mata kaza da waya, bayan shafi talatin ta mutu a kan sonsa. Marubuciyar tana ba da wannan a matsayin zafin ƙauna. A ƙasar da UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18, ƙasar da muka san mata masu yoyon fitsari da idonmu, wannan labari yana koya wa yaro cewa kukan amarya ado ne, yana koya wa yarinya cewa haka ake yi. Balaraba Ramat, wadda ita kanta aka yi wa aure tana ƙarama, da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? ta bar auren dole da ɗacinsa. Ƙannenta na waya sun zuba masa suga.

Laifi na biyu, dukiya. Jarumin kullum ɗan gwamna ne ko babban soja ko mai kamfani a Dubai, ana ɓata shafi guda wajen kwatanta motarsa da turarensa. Ban taɓa cin karo da wanda ya dawo daga bida da akwati ɗaya da ciwon baya ba, ko yarinyar da uwarta ta ɗauki duwatsu a ka zamanin aikin furojen Keita da aka fara a 1984. Kamar talaka ba ya so. Matar da ta saurari wannan dare ɗari, ranar da mijinta ya sauko daga mota da ƙura har gira, da wane ido za ta dube shi?

Laifi na uku daga kasuwa yake. Ana ba ka shafukan farko kyauta, a yanke daidai inda jini ya hau, a ce sai ka biya ka shiga rukunin masu kuɗi. Tunda abin da ke sa a biya shi ne wancan wurin, dole a maimaita shi. Sai ka ga labarin da zai ƙare a shafi sittin ya kai ɗari uku, ɗaki bayan ɗaki, kalmomi iri ɗaya, a tsakani kuma tallar maganin mata da lambar waya. Daga ƙarshe abin ma ya daina motsa kowa, gajiya yake sawa. Ga rubutun kansa: ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, rabin zancen masoya da Ingilishi, wanda mu nan ba ma ji. Ba mai tacewa tsakanin marubuciya da mai karatu.

Sai na aljanu. Aljani tsohon baƙo ne a adabinmu, yana cikin Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, ga kuma tatsuniyoyin kakanninmu. Turawa ma sun yi nasu: Twilight na Stephenie Meyer a 2005, yarinya da masoyi mai shan jini, kuma daga kwaikwayonsa aka haifi Fifty Shades of Grey a 2011. Kenan can ma zafi da abin tsoro ɗaki ɗaya suka fito. Ƙarfin irin wannan labari a wurinmu na gane shi. Aljani yana ba marubuciya hanyar da budurwa za ta ji sha'awa ba a kira ta ƴar iska ba, tunda ba da sonta ya zo ba. Kuma in an dace da mai hannu, tsoron yana kamawa, don ba wanda ya tashi a nan bai ji labarin namijin dare ba.

Amma yawancin aljanun nan attajirin ɗazu ne aka canza masa launin ido. Yana da fada ta zinariya, yana da kishi, yana kashe duk saurayin da ya zo zance, ana so mu ce ƙauna ce. Ina iskokin da muka sani, irin su Doguwa, masu wurin zama da abin da suke so da abin da suka ƙi, waɗanda ƴan bori suka san yadda ake lallashinsu? An bar wannan duka an ɗauko na finafinan Indiya. Ƙarshen kuma kullum ɗaya: malami ya zo ya yi ruƙiyya shafi uku, aljani ya ƙone ko ya musulunta, a ɗaura aure da ɗan mutum mai kuɗi.

Abin da ya fi damuna a nan na gida ne. Wata ƴar ƙanwar babana ta fara faɗuwa tana sambatu sati biyu bayan an faɗa mata wanda za a ba ta. Kowa ya ce namijin dare ne ke hana ta aure, ita ma haka ta ce, da kalmomin da na gane daga littafi ta ɗauko su. Ba na musun aljanu, suna cikin Alƙur'ani. Amma har aka gama magani ba wanda ya zaunar da ita ya ce, "Ɗiyata, kina son mutumin ga?" Littafin kirki da ya yi wannan tambayar a madadinta. Waɗanda na karanta sun taya mu rufe ta.

To a ƙone su? An gwada. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙone littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar tace finafinai ta matsa wa marubuta. Bayan ƴan shekaru rubutun ya koma waya, inda ba ashanar da za ta kai, ya kuma fi na da zafi. Wa'azi kaɗai ma bai hana ba, don masu wa'azin ba su amsa abin da ya kai matar yayana gindin turmi ba.

Abin da nake ganin ya rage namu ne. Mu riƙa karanta su muna faɗin wanda ya yi da wanda bai yi ba, da dalili, yadda muke yi wa littattafan Faransanci a aji. Mu lura da wayar da ke hannun ƙannenmu, don abin da matar aure za ta ji ta wuce, ƴar shekara sha uku darasi take ɗauka. Kuma mu rubuta namu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta nuna mata na iya rubuta ciwon aure da so a gajeren labari, a karanta a rediyo uwa da ɗiya na zaune.

Ranar da zan dawo makaranta na tambayi matar yayana wane irin labari take so in rubuta mata. Ta yi dariya ta ce, "Ki rubuta wanda mijin ya dawo, ko bai zo da komi ba. Kuma ki yi shi yadda Inna ba ta cewa a kashe." Na fara shi, shafi huɗu na yi, zan kawo a zamanmu na gaba ku duba min.