Siffar Ɗakin Ƙonewa a Tsofaffin Injunan Mota da na Zamani

Ɗakin ƙonewa shi ne ɗan sararin da ke raguwa tsakanin kan fistin da murfin silinda, wanda kanikawa ke kira top, a lokacin da fistin ya kai ƙarshen hawansa. A nan ake matse iska da mai, a nan wuta ke kamawa, daga nan kuma ƙarfin da ke juya taya yake fitowa. Tun da Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a Jamus a 1876, matakan aikin huɗu ba su sauya ba: shaƙar iska, matsewa, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne siffar wannan ɗaki. A tsofaffin injuna, inda bawul ya samu wurin zama cikin araha shi ke yanke wa ɗakin siffa. A na zamani kuwa, hanyar da wuta za ta bi ake fara tsarawa, sauran kayan su biyo baya.

Abin da ake nema daga ɗakin

Ma'auni na farko shi ne matsi. Idan fistin yana ture mililita 450 a kowane hawa, ɗakin kuma yana cin mililita 50, to 500 ake cusawa cikin 50, matsin ya zama 10:1. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon aikin da ake tatsa daga kowace litar mai. Sai dai haƙurin fetur yana da iyaka. Idan fulogi ya kunna wuta, takan bazu tana ƙara matse gaurayen da ba ta kai gare shi ba. In wannan ragowar ta yi zafi fiye da kima kafin wutar ta iso, sai ta fashe da kanta gaba ɗaya. Wannan ce ƙwanƙwasar da direba kan ji idan ya danne totur a hawa yana kan babbar giya. In ta daɗe tana faruwa, takan karya ringi, ta ci gefen fistin, ta ƙone gaskit.

Na biyu shi ne lokaci. A injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, kowace silinda tana kunna wuta sau 25 a daƙiƙa. A gaurayen da ke kwance, wutar fetur ba ta cin rabin mita a daƙiƙa, kuma da wannan saurin fistin zai sauka ya bar ta a baya. Sai an hautsina gaurayen sosai sannan saurinta ke ninkuwa sau gommai. Saboda haka abu huɗu ake so: tafiyar wuta ta zama gajera, gauraye ya hautsinu, bawuloli su samu faɗin da iska za ta wuce, bangon ɗakin kuma ya zama kaɗan don kada zafi ya zurare cikin ruwan lagireto.

Tsofaffin injunan fetur

A injin Ford Model T na 1908, bawuloli suna cikin bulok ne, a gefen silinda, kawunansu na kallon sama. Top ɗin farantin ƙarfe ne kawai mai ɗan kwarmi, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙira ce mai araha da sauƙin gyara, amma ɗakin ya zama dogo, shimfiɗaɗɗe: iska sai ta yi kwana kafin ta shiga silinda, wuta kuma sai ta yi doguwar tafiya ta gefen bawul ɗin hayaƙi mai zafi. Matsinsa bai wuce wajen 4:1 ba, kuma daga lita 2.9 ƙarfin doki 20 yake bayarwa.

Injiniyan Ingila Harry Ricardo ne ya nuna, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, cewa siffar ɗakin tana da hannu a ƙwanƙwasa. Ya sauko da wani sashen top ɗin har ya kusa taɓa fistin, ta yadda idan fistin ya hau, gaurayen da ke wurin zai fizgo da ƙarfi zuwa wajen fulogi. Wannan matsattsen wuri yana hautsina gauraye, yana kuma sanyaya ragowar da kan fashe. Har yau ana amfani da dabarar, da tazarar da ba ta wuce wajen milimita ɗaya ba.

Da aka mayar da bawuloli saman silinda, siffa biyu suka yi fice a Amurka. Ta farko ɗaki ne mai zurfi a gefen fulogi, siriri a ɗaya gefen, bawuloli biyu a jere, kamar a V8 na Chevrolet na 1955. Yana hautsina gauraye da kyau, amma bango kan tare gefen bawul. Ta biyu rabin ƙwallo ce, wadda Peugeot ta sa a ƙirar 203 a 1948, Chrysler kuma ta shahara da ita daga 1951, daga baya kuma da sunan Hemi. Manyan bawuloli biyu suna fuskantar juna, fulogi na tsakiya, iska na wucewa kai tsaye. Aibinta shi ne zurfi: don a samu matsi mai yawa sai an yi wa fistin tozo, tozon kuma ya raba hanyar wuta, ya ƙara bangon da ke shan zafi.

Waɗannan ɗakuna sun jingina ga sinadarin dalma da aka fara zubawa a fetur a 1923 don hana ƙwanƙwasa. Da shi wasu injunan Amurka suka haura 10:1 a shekarun 1960. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 da na'urar tace hayaƙi da ta yaɗu daga 1975, wadda dalma ke kashewa, suka tilasta sauko da matsi zuwa wajen 8:1. Daga nan dole siffar ɗakin ta ɗauki aikin da dalma ke yi.

Ɗakin fetur na zamani

Siffar da ta yi rinjaye ita ce mai ganga biyu, kamar rufin kwano: bawul biyu na shigar iska a ganga ɗaya, biyu na hayaƙi a ɗayar, fulogi a tsakiyar ƙololuwa. Ba sabuwa ba ce, don motar tseren Peugeot ta 1912 tana da bawul huɗu a kowace silinda. Injin Cosworth DFV na 1967 ne ya nuna cewa idan aka rage kwanciyar bawulolin, rufin zai yi ƙasa, fistin ya zama kusan shafaffe, tafiyar wuta ta zama daidai ta kowace fuska. Ana kuma karkata hanyar iska ta yadda za ta shiga tana gangarawa a kan kanta. Idan fistin ya matse ta, wannan juyi ya farfashe ya zama hautsini daidai lokacin da fulogi zai kunna.

A 1996 Mitsubishi ta fito da injin da kwamfuta ke fesa masa fetur kai tsaye cikin ɗakin. Man da ke zama tururi a ciki yana sanyaya iska, wannan ya ba da damar ƙara matsi. Mazda ta kai 14:1 a 2011, da ɗan rami a tsakiyar fistin don kada wutar farko ta taɓa ƙarfe ta yi sanyi. Injin Ford na lita ɗaya mai turbo na 2012 yana ba da ƙarfin doki kusan 125, fiye da ninki shida na Model T.

Injunan gas da manyan motoci

Injin gas ba shi da fulogi. Iska zalla yake matsewa har zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Matsalarsa ita ce haɗa mai da iska cikin ƙiftawar ido. Tsofaffin famfuna ba su da ƙarfin niƙa mai, shi ya sa aka yi ƙaramin ɗaki na daban a cikin top. Prosper L'Orange na kamfanin Benz ya yi rajistar irinsa a 1909, Ricardo kuma ya fito da nasa mai sa iska juyawa, Comet, a 1931. Wuta takan fara a ƙaramin ɗakin, ta feso ta siririyar kafa zuwa kan fistin. Injin yana juyawa da sauri ba tare da ƙara mai yawa ba, amma zafi da ƙarfi suna ɓacewa a kafar. Shi ya sa matsinsa ke haura 20:1, kuma da sanyin safiya sai an jira hita ta yi zafi.

Manyan motoci ne suka fara barin wannan tsari, don a wajensu kuɗin mai ya fi shirun inji muhimmanci. Mercedes ta koma fesa mai kai tsaye da injin OM 352 a 1964, injin da ke cikin motar 911 da ta daɗe tana dakon kaya a hanyoyin Najeriya. A nan top shafaffe ne, ɗakin ya sauka cikin fistin ya zama zagayayyen rami. Ƙananan motoci sun biyo baya a ƙarshen shekarun 1980. Bututun bai-ɗaya da ke ajiye mai cikin matsi ya shiga manyan motocin Hino a 1995, ya shiga Alfa Romeo 156 a 1997. Yau matsin mai yana kai bar 2,000 ko fiye, nozul na tsaye a tsakiyar bawul huɗu, ramukansa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma yana fesawa sau da yawa a bugu ɗaya. Ana sassaƙa leɓen ramin fistin daidai da kusurwar feshin, matsin iska kuma ya sauko zuwa wajen 16:1 ko 17:1.

Riba da farashinta

Sabon ɗaki yana shan mai kaɗan, yana ba da ƙarfi mai yawa da hayaƙi kaɗan, amma ba ya yafe kuskure. Injin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975, mai bawul biyu a kowace silinda da kafireta, yakan jure mai mara kyau da gyaran bakin hanya. Na zamani ba haka yake ba. Idan top ya lanƙwashe aka kankare masa milimita ɗaya, ɗakin mililita 50 zai iya komawa 45, matsin ya tashi daga 10:1 zuwa 11:1, bawul kuma ya matso kusa da fistin. Fulogin da tsawonsa bai dace ba yana kawar da wuta daga tsakiya. Ruwa ko ƙura a gas suna lalata nozul, feshin ya kauce wa ramin, wani lokaci har ya narkar da leɓen fistin. A injin da ke fesa fetur kai tsaye kuma, baƙin dauɗa na taruwa a bayan bawul, don mai ba ya bi ta nan ya wanke shi. Wannan rashin jure mai mara kyau na daga cikin dalilan da suka sa ingancin mai ya zama batun doka: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma a farkon 2006, ƙasashen ECOWAS kuma suka amince a 2020 da rage sinadarin farar wuta a mai zuwa kashi 50 cikin miliyan.

Binciken yanzu yana kusantar da fetur da gas ga juna. Injin Mazda Skyactiv-X na 2019 yana kunna ɗan gauraye da fulogi, matsin da ya haifar ya sa sauran ya kama da kansa. Maserati kuma a 2020 ta dawo da ƙaramin ɗaki na gaba a injin fetur, inda wuta ke fesowa ta ƙananan ramuka ta cinye gaurayen cikin sauri. Manufar duka biyun ɗaya ce: ƙone mai a matsi mai yawa ba tare da ƙwanƙwasa ba.