Aiki a Kan Rabin Kaurin Takarda

Ka tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana, ka dubi inda rana ta faɗo a kan bonet. A yawancin motocin da ke bin titunanmu za ka ga wasu siraran zane-zane sun yi wa hasken zobe, in ka matsa su bi ka. Mai mota zai ce fenti ya tsufa. Yaron wanki zai ce a ƙaro man ƙyalli. Mai fenti kuwa, da yake nan abincinsa yake, zai ce a kawo ta a sake feshi. Akwai mutum na huɗu, wanda sau da yawa ba ma sana'arsa ba ce: ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya ba motarsa Asabar da Lahadinsa, ba shi da gareji sai rumfar gida, da bokiti biyu, da ɗan injin gogewa. Shi in ya duba, cewa zai yi fentin lafiyarsa lau, fuskarsa ce kawai ta kakkarce.

Abin da ya fi sauran sani shi ne yadda aka jera fentin. Tun daga shekarun 1980 yawancin kamfanonin mota suka koma fenti mai hawa-hawa. A can ƙasa akwai shafen hana tsatsa da na share fage, sai launin kansa, sannan a rufe da wani shafe garai-garai marar launi. Duka-duka, daga ƙarfe zuwa waje, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kuma maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida dubu. Shafen saman shi kaɗai yana tsakanin 40 da 50, kusan rabin kaurin takardar da ake buga wasiƙa a ofis. Duk ƙyallin mota daga nan yake fitowa, a cikinsa kuma aka zuba sinadarin da ke hana rana ƙone launin da ke ƙasa.

In fuskar shafen nan sumul take, haske zai faɗo ya koma a dunƙule, ido ya ga madubi. In ta karce, kowane karce sai ya ɗauki nasa hasken ya watsa wani gefe, mota ta yi dushi-dushi. Zoben nan ma ruɗin ido ne, domin karce-karcen a miƙe suke ta kowace fuska, waɗanda suka dace da inda hasken yake ne kaɗai ke walƙiya. Gyaran kuwa ragewa ne: ana cin saman shafen kaɗan-kaɗan har ya sauko daidai da gindin karcen. Gogewa mai sauƙi takan ci maikiron biyu ko uku, mai ƙarfi ta fi haka. Shafen nan kamar hatsin rumbu ne da ba za a sake yi masa girbi ba, duk mudun da aka ɗiba ya tafi ke nan. Gwanintar duka tana wajen sanin nawa za a ɗiba, da inda za a janye hannu.

Shi ya sa mutumin nan na huɗu ba ya farawa da inji. Da wanki yake farawa, kuma tun a nan ake gane shi, don mafi yawan karcen da ke jikin mota ba hanya ce ta yi su ba, masu ƙaunarta ne. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Kano da Damagaram da Maiduguri daga Nuwamba zuwa Maris, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, ba ta da laushin da ido ke gani. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta da ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Direban da ke fitowa da sassafe ya kakkaɗe mota da busasshen tsumma, da zuciya ɗaya, samfefa yake yi mata bai sani ba.

Gwani ruwa yake fara sheƙa mata har ƙurar ta gangara da kanta, kafin hannu ya taɓa. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwan ɗauraya. Duk sa'ad da ya wanke ɓangare guda, sai ya ɗauraye soson a na biyu, yashi ya kwanta a can, sannan ya koma cikin kumfa. Daga rufi yake saukowa, don ƙasan ƙofa ya fi ko'ina datti, taya da rim kuwa sosonsu daban. Tsumman maikirofaiba in ya faɗi ƙasa, aikinsa a kan fenti ya ƙare a ranar. Ba ya kusantar omo, wanda ke kwashe duk wani kaki da aka shafa. Kuma ba ya wanki a rana, saboda ruwan burtsatse a wurare da dama yana da gishirin ƙasa, in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi ya bar ɗige-ɗigen da har cikin shafen suke ci.

Mota ta bushe, kowa ya ce ta fita fes. Shi sai ya zura hannu cikin siririyar farar leda ya shafa bonet a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsa ji. Abin da hannu tsirara ya ɗauka sumul ne, sai ka ji shi gurji-gurji, har da ɗan sauti. Wannan ƙurar birki ce da kwalta da ƙaron bishiya da suka kafe a jikin fentin, sabulu bai isa ya tashe su ba. Maganinsu wata laka ce ta roba, wadda aka ƙirƙiro a Japan ta yaɗu a Amurka a shekarun 1990. Ana fesa ruwa mai santsi, a bi da ita ba tare da danna hannu ba, ta tsinto dattin, a ninke ta a samu fuska mai tsabta, a ci gaba. Akwai kuma wani ruwa da ake fesawa ya narkar da ɓarɓashin ƙarfe. A kan farar mota abin kallo ne, don da ya haɗu da ƙarfen sai ya rikiɗe ya zama shunayya yana tsiyaya.

Sai bincike. Yakan tura motar inuwa ya haska tocila a karkace, domin haske ɗaya mai ƙarfi ya fi hasken gari tona asiri. Duk karcen da ya gani zai bi shi da farce. In farce ya wuce salin-alin, zai gyaru. In ya maƙale, karcen ya yi zurfi, mai yiwuwa ya ratsa shafen sama. Wanda ya yi nisa a harkar yana da ɗan awon kaurin fenti da ke shiga aljihu, kuma a ƙasar da yawancin motoci na hannu ne, 'yan Kwatano da makamantansu, wannan na'ura ta fi rantsuwar dillali amfani. Ƙofa ta nuna maikiron 120, ta kusa da ita ta nuna 300, ka san an sake mata feshi. In ta haura 1,000, akwai fila a ƙasa, an taɓa buguwa. In kuma ta nuna 80 ko ƙasa da haka, wani ya riga shi ɗiba, sai taka-tsantsan. Yakan kuma goga ɗan man gogewa da farin tsumma a wani lungu. In launi ya fito a tsumman, fentin mai hawa ɗaya ne, irin na zamanin su Peugeot 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, kuma shi wani hannu yake so daban.

Injin gogewa iri biyu ne. Na gareji yana juyawa ne a wuri ɗaya, yana da ƙarfi, yana tara zafi. A hannun ƙwararre ba abin da ya kai shi sauri, a hannun ɗan koyo kuwa daƙiƙa kaɗan sun isa ya ƙone gefen ƙofa har launi ya bayyana, ko ya bar wasu inuwoyi masu rawa a jikin fentin. Abin da ya shigo da aikin nan tsakar gida shi ne inji na biyu, mai juyawa yana kuma karkaɗawa a lokaci guda, ta yadda soson ba ya bin layi ɗaya sau biyu. In ka danne shi da yawa ma, juyin tsayawa yake yi. Wanda ya yi suna da farko shi ne Porter-Cable 7424 na Amurka, wanda asalinsa daga injin samfefar kafintoci ne. Daga baya kamfanin Rupes na Italiya ya fito da masu faɗin karkaɗa na milimita 15 da 21, aiki ya ƙara sauri.

A nan ne na fi son kallon gwanin. Ba ya afka wa mota gaba ɗaya. Wuri guda yake zaɓa a kan bonet ko but, kamar santimita 60 tsawo da faɗi, ya manna salatif ya raba shi da maƙwabcinsa. Sai ya ɗauko soso mafi laushi da mai mafi sauƙi a cikin kayansa. Ɗigo uku ko huɗu a kan soson. Ya ɗora shi a jikin fenti kafin ya kunna, don kada man ya fantsama, ya baza a ƙaramin gudu, sannan ya ƙara wuta. Hannu na tafiya sannu, kamar santimita biyu ko uku a daƙiƙa, daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, kowane layi na hawa rabin na baya, wayar inji a saɓe a kafaɗa kada ta goga jikin mota. Bayan zagaye huɗu ko biyar ya tsaya, ya goge, ya ɗaga salatif, ya haska tocila a kan iyakar. Gefe ɗaya hazo, gefe ɗaya baƙi wuluk, ƙwan tocilar tsaye a ciki ba ko gezau. In hakan ya wadatar, da shi zai bi sauran motar. In bai isa ba, sai ya hau mataki ɗaya tak. Masu aikin sun san fentin Honda da Toyota galibi yana da laushi, na Mercedes da Volkswagen ya fi tauri, amma ba wanda ke dogara da wannan, gwajin ne alƙali.

Akwai kuma gaskiya a cikin aikin da ta burge ni. Wasu mayukan suna da maiƙon da ke cike karce ya ɓoye shi, mota ta yi ƙyalli ranar ciniki, bayan wanki biyu asiri ya tonu. Masu sayar da mota sun san wannan sarai. Gwani kuwa da kansa yake tona wa kansa asiri: yana gama ɓangare ya goge shi da sifirit da aka sirka da ruwa, maiƙon ya tafi, ya ga ainihin abin da ya yi.

Kuma yana barin wasu karcen. Wanda farce ya maƙale a ciki, sai dai ya sassauta bakinsa ya daina kama haske, ko ya nemo lambar launin motar, wadda a motoci da yawa take jikin takardar da ke manne a dokin ƙofar direba, ya sa a haɗa masa kaɗan ya ɗiga da tsinken sakace. Gefuna da ƙusurwoyi, inda fenti ya fi siranta, salatif yake rufe su da shi. Rufin da rana ta riga ta cinye har shafen ya yi fari yana ɓarewa, ba ya ma taɓa shi, zai ce maka wannan na mai fenti ne.

Aikin ƙarshe shi ne kariya. Kakin gargajiya daga ganyen wata bishiya ce dangin giginya mai suna karnoba, da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil. Yana ba da ƙyalli mai zurfi, amma a zafin Afrilu, lokacin da jikin baƙar mota kan haura digiri 70, makonni kawai yake yi. Na sinadari yakan kai watanni. Shafen siramik yana yin shekaru, sai dai duk abin da ya tarar a ƙasa da shi zai daskare, karce ne ko tabon ruwa, kuma in aka bar shi ya bushe da tudu, ba abin da ke cire shi sai an sake ɗauko inji. Shi ya sa masu yinsa a gida suke jira sai ranar da ba iska, su yayyafa wa tsakar gida ruwa ƙura ta kwanta, su bi mota ƙofa-ƙofa da tocila a hannu.