Gadon Sitiyari Daban, Gadon Kujera Daban

Wanda ya daɗe yana bin tseren NASCAR na Amurka, na motocin nan da ake ƙerawa da siffar motar gida amma gudunsu ya kusa kilomita 320 a sa'a, ya san sunayen gidaje kaɗan ne ke ta juyawa. Lee Petty ya ci tseren Daytona 500 na farko a 1959, ɗansa Richard ya ci tsere 200 da kambu bakwai. Bill Elliott ya zama zakara a 1988, ɗansa Chase ya zama a 2020. Masu kallo kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su wuce. Ni kuwa ina ganin abubuwa biyu ake cusawa a buhu ɗaya ana kiransu gado, kuma ɗayan ya fara danne ɗayan.

Dale Earnhardt ƙarami shi ne ma'aunina. Kakansa Ralph mutumin Kannapolis ne a jihar Karolina ta Arewa, garin masaƙar auduga, a garejin bayan gida yake haɗa motocinsa da hannunsa. Mahaifinsa, Dale babba, ya ci kambu bakwai kamar Richard Petty. Amma yaron bai fara da babbar mota ba. Juyen baƙin mai yake yi a kamfanin sayar da Chevrolet na uban, yana shiga ƙananan tsere da motar da shi ke kwanciya ƙarƙashinta. Sai da ya ci kambun rukuni na biyu sau biyu a jere, 1998 da 1999, kafin ya zauna a babban rukuni a 2000.

Ranar 18 ga Fabrairu 2001 ce ta nuna nauyin sunan. A zagayen ƙarshe na Daytona 500 ɗan ya ƙare na biyu, a bayansa kuma motar uban mai lamba 3 ta daki katanga, uban ya rasu. Ɗan yana da shekara 26, dubban masoyan marigayin suka juyo kansa, kowa na neman uban a jikin ɗan. A watan Yuli aka koma filin nan da ya ci mahaifinsa, ya shiga mota, ya zo na ɗaya. Har yau idan na tuna daren nan ban san wanne ya fi ba ni mamaki ba, cin tseren ko yarda da ya yi ya sake taka wurin.

Bai kai uban ba, kuma ba na jin akwai amfanin ɓoye hakan. Uban ya ci tsere 76, shi 26. Ya ɗauki Daytona 500 a 2004 da 2014, amma babban kambu bai taɓa shiga hannunsa ba, ko da yake sau 15 a jere masu kallo suna zaɓensa direban da suka fi so. Kamfanin da uban ya kafa ma bai gada ba. Ragamarsa na hannun matar uba, Teresa, suka kasa daidaitawa, ya tattara ya koma Hendrick Motorsports a 2008. Buguwar kai da ya sha ta hana shi rabin kakar 2016, ya ajiye tuƙin cikakkiyar kaka a ƙarshen 2017. Abin da ya gada sana'a ce da kayanta masu nauyi. Gidan Petty ma sun biya irin wannan farashi, domin Adam, tattaɓa-kunnen Lee, ya rasu a atisaye a 2000 yana ɗan shekara 19.

Abin da ke yaɗuwa yanzu wani iri ne. Austin Dillon jikan Richard Childress ne, mai ƙungiyar da Dale babba ya yi wa tuƙi. Lamba 3 da aka jingine tun rasuwarsa, a 2014 aka dawo da ita babban rukuni aka miƙa wa jikan mai gida. Ty Gibbs kuma a ƙungiyar kakansa Joe Gibbs yake tuƙi. Ban ce ba su iya ba. Dillon ya ci Daytona 500 a 2018, Gibbs ya ci kambun rukuni na biyu a 2022. Tambayata ita ce: idan sakamako ya yi ta lalacewa shekara da shekaru, wa zai kori jika? Direban da aka ɗauka haya kaka ɗaya mara kyau ta isa a nuna masa ƙofa.

Kuɗi ne tushen abin. Tafiyar da mota guda a babban rukuni na cin miliyoyin daloli a shekara, akasarinsu daga kamfanonin da ke liƙa tallarsu a jikin motar. Kamfani kuwa sunan da aka sani yake so, ko yaron da ya zo da jakar kuɗinsa. Kujeru kusan 40 ne kacal a kowane tsere. Duk wadda aka keɓe wa ɗan gida, an rufe ta ga wani yaro da ke cin tsere a ƙaramin fili daren Asabar.

A nan ne Earnhardt ƙarami ya ƙara burge ni fiye da lokacin da yake tuƙi. A ƙungiyar JR Motorsports da yake gudanarwa da yayarsa Kelley, ya ɗauki Josh Berry, wanda suka haɗu a wasan tseren kwamfuta ta intanet, ba ɗan wani sananne ba. Berry ya yi kusan shekara goma a ƙananan filaye kafin ƙofa ta buɗe. A watan Maris 2025, yana da shekara 34, ya ci tserensa na farko a babban rukuni a Las Vegas, cikin mota mai lamba 21 ta Wood Brothers, ƙungiyar da ita kanta iyali ɗaya ke riƙe da ita tun 1950.