Masu Yi Wa Kan Jirgi Fenti A Kwamfuta

A 2001 Microsoft ya fitar da wasan tuƙin jirgin ƙasa, Train Simulator, da kawunan jirgi 'yan kaɗan, irin su Dash 9 da Flying Scotsman. Masu sha'awa ne suka cika tashar da jiragen da suka yi wa fenti da kansu.

Aikinsu na haƙuri ne. Hoton jikin jirgin yana ajiye a fayil nau'in ACE, sai an juya shi da manhajar TGATool2 kafin ya buɗu a Photoshop. Can za a gan shi a shimfiɗe gunduwa-gunduwa, kamar yadin da tela ya yanka bai ɗinka ba: rufi nan, ƙofa can. A kuskure kaɗan, lambar jirgin ta fito a juye a ɗaya gefen. Gwanayen cikinsu ba sa barin fenti yana walƙiya. Hotunan jiragen gaske suke dubawa, su sa baƙin hayaƙi a rufi, tsatsa a gindin ƙusa, maiƙo kusa da tankin dizal.

Yawancinsu kyauta suke rabawa. Microsoft ya rufe sashen da ke haɗa wasan na biyu a 2009, amma har yau jiragen masu sha'awar, ciki har da WAP-7 na Indiya, suna gudu a wani wasan jirgin ƙasa, Open Rails.