KAFIN KI ZUBA KUƊIN ADASHINKI A KYAMARA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Magana ce a kan wani abu da ya kusa cinye mini adashin shekara guda, wato kyamarar bidiyo irin wadda ake kira HD, mai fitar da hoto tangaran.

Na daɗe ina lura da cewa duk bikin da aka je, mai ɗaukar bidiyo namiji ne, yana ta kutsawa tsakiyar mata ranar kamu ko wuni, wata ba mayafi, wata tana shayar da goyo. Magidanta da yawa ba sa so, kau da kai kawai suke yi. Sai na ce a raina, me zai hana ni in sayi kyamara in riƙa ɗaukar wa mata bikinsu? Ga sana'a, ga rufin asiri. Ballantana ina da wani buri a ƙasan zuciya, na in ga littafina ya zama fim, kamar yadda aka yi wa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Da na kwashi adashin na gaya wa maigidan, sai ya ce, "Ni ban hana ki ba, amma kada ki yi cinikin biri a sama. Ki aro ki gwada tukuna." A lokacin har na ɗan kumbura baki. Ana nan sai bikin 'yar yayata ya taso, aka aro mini wata a wajen wani ɗan'uwa, na yi kwana uku ina fama da ita.

Bari in fara da alherinta, don kada a ce na yi mata zalunci. Fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990 a kan kaset aka ɗauke shi, kuma duk wadda ta taɓa kallon kaset ta san yadda hotonsa yake dushi-dushi. Tsohon talabijin namu layi 576 yake nunawa, ita kuwa wannan 1080 take ɗauka. Da rana tsaka a tsakar gida, wallahi har zanen lallen ƙafar amarya sai da ta fito da shi. Tana jawo abu daga nesa, tana zama daram a tafin hannu. Iyakar yabon ke nan.

Aibinta na farko, ba ta son duhu. Idon da ke karɓar haske a cikin irin waɗannan ƙananan kyamarori ɗan mitsitsi ne, da zarar haske ya ragu sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. To ku gaya mini, yaushe ake kamu? Ai bayan la'asar ne zuwa magariba. Yaushe ake kai amarya? Da daddare. Wajen da aka fi son gani, inda uwa take yi wa 'yarta nasiha ana kuka, nan ne hoton ya fi lalacewa. Sai kin sayi fitila ta daban ke nan.

Na biyu, batir. Wanda ke jikinta bai kai mini awa biyu ba. Ana tsakiyar liƙi ya mutu, na ruga in sa caji na tarar an ɗauke wuta. Da aka tayar da janareto kuma sai na uku ya bayyana, wato sauti. Ɗan makirfon da ke jikinta ba ya zaɓe, abin da ya fi ƙara shi yake kwasa. Da muka zo kallo, guɗar gwaggonmu da ƙugin janareto kaɗai ake ji, addu'ar da kaka ta yi wa amarya kuwa sai motsin baki.

Na huɗu shi ne wanda mai shago ba zai gaya miki ba. Hoto mai kyau nauyi gare shi. Awa ɗaya a ma'auni mafi kyau tana cin gigabait 8 zuwa 11, katin ajiya mai gigabait 32 awa uku zuwa huɗu ya cika. In ya cika ina za ki juye? Sai kwamfuta, kuma ba kowace ba, don mai ƙaramin ƙarfi tsayawa take yi tana inda-inda in an zo tace hoton. Kaset dai ko ya tsinke ana liƙa shi a ci gaba da kallo, amma kati in ya lalace yana iya tafiya da bikin gaba ɗaya, kuma biki ba a maimaita shi. Ki haɗa kuɗin fitila, batir na biyu, makirfo, sanda mai ƙafa uku, katuna, kwamfuta, da jakar da za ta kare ta daga ƙurar hunturu, sannan ki san kuɗin kyamara. Abin haushi, bayan duk wannan wahala, mutane cewa za su yi a turo musu ta WhatsApp, shi kuwa matse bidiyo yake yi ya rage masa kyau, ya koma kamar wanda aka ɗauka da waya. Wayar ma ta hannunki, in mai ɗan dama ce, HD take ɗauka.

Amma duk waɗannan na aljihu ne. Wanda ya fi damuna shi ne na biyar: wannan kyamara ba ta da kara. Kurjin da aka rufe da hoda, gumin da ya ɓata kwalliya, fentin da ya ɓare a bangon gidan yayata, harara tsakanin kishiyoyi biyu a can bayan taro, babu abin da ta bari. Wata baiwar Allah ta zame ɗankwali tana rawa don ta ga mu mata ne zalla, ga ta nan ta fito fes. Na zauna na yi shiru. Ni da na ce zan kawo rufin asiri, ashe ni ce zan tona shi. A zamanin kaset, in za a kwafi na awa uku sai an zauna awa uku, kuma kowane kwafi ya fi na baya dushewa. Yanzu fa? 'Yan mintuna an juye, bai ragu da komai ba, daga wayar ƙanin ango sai duniya. Auren wata yana iya girgiza a kan rawar minti ɗaya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. Da hannuna na goge wajen kafin in mayar da katin.

Ban ce kada kowa ta saya ba. In sana'a za ki yi da gaske, kina da jarin sauran kayan, kin koyi tacewa, kuma za ki iya riƙe amanar matan mutane, to bismillah, mata na buƙatar irinki. Amma in don a ce ke ma kina da ita ne, ko don sunan jariri sau ɗaya a shekara biyu, 'yar'uwa ki riƙe kuɗinki. Ni dai nawa na kai su maɗaba'a, an buga mini sabon littafi. Maigidan ya tambaye ni ina maganar kyamara, na ce gani ya kori ji.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke tarawa, amin.