Na'urar gano ƙarya: tsoro take aunawa

A finafinan Amurka, da zarar mai laifi ya shara ƙarya sai allurar na'ura ta kama rawa a kan takarda, shi ke nan asiri ya tonu. A zahiri ba haka abin yake ba.

Na'urar foligiraf, wadda John Larson ya haɗa a 1921 lokacin da yake aiki da 'yan sandan Berkeley a Kalifoniya, abu uku take bibiya: numfashi, ta bututun da ake ɗaurawa a ƙirji da ciki, bugun zuciya da hawan jini, sai gumin yatsu. Duk waɗannan alamun tashin hankali ne. Babu ko ɗaya da ƙarya kaɗai ke haifarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayoyin. Mai gwajin zai tambaye ka kan laifin: "Kai ka ɗauki kuɗin?" Sai ya haɗa da wata ta kwatance: "Ka taɓa yi wa wanda ya amince da kai ƙarya?" Wai marar laifi zai fi damuwa da ta biyun, mai laifi kuma da ta farkon. To amma ɗauki mutumin da bai ci nanin ba, an ɗaura masa wayoyi, ya san aikinsa ko 'yancinsa na rataye a kan tambayar kuɗin nan. Don me gabansa ba zai faɗi ba?

Mai taurin zuciya kuwa sai ya wuce abinsa. Aldrich Ames, jami'in CIA, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991 alhali yana sayar wa Tarayyar Sobiyet asirai. Gary Ridgway ya tsallake a 1984. A 2003 ya amsa laifin kashe mata 48.

A 2003 ɗin ne kwamitin masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ya ce kan takamaiman laifi na'urar ta fi canki-canka, amma da sauranta sosai, kuma bai kamata a dogara da ita wajen tantance ma'aikata ba.

A ganina, salon 'yan sandan Japan ya fi tushe. Su ba ƙarya suke nema ba, sani suke nema: a jero maka wuƙa, igiya, guduma, a ga ko jikinka zai amsa wa makamin da mai laifin kaɗai ya sani. Matsalarsa, in jaridu sun riga sun bayyana makamin, gwajin ya tashi aiki.